Bakwai a Tsakaninsu

Tun a bakin ƙofar makaranta Kunkuru ta gane akwai matsala. Ta zo rungumar ƙawarta kamar yadda suka saba duk ranar dawowa daga hutu, sai goshinta ya bugi haɓar Barkono. Wata biyu da suka wuce, ranar da aka sallame su, ido cikin ido suke kallon juna.

"Ke, me kika ci?" Kunkuru ta tambaya ƙasa-ƙasa, tana shafa goshi.

"Wallahi ban ci komai ba. Barci kawai na yi a gidan kakata, na tashi na ga ƙafata ta wuce katifa." Barkono ta miƙo hannu, ta nuna inda hannun rigar makarantarta ya tsaya nesa da wuyan hannu. "Sau biyu Umma tana kwance kalmasar rigar nan. Ta ce in na ƙara ko da ɗan yatsa ne, labule za ta ɗaura mini."

Kunkuru ba ta yi dariya ba. Ita tata rigar ta bara ce, ba a taɓa ko zare ɗaya a jikinta ba. Da safen nan ma sai da yayanta ya dafa kanta ya ce, "Umma, ki duba ko wannan an manta an shuka ta a inuwa ne."

Makarantar ta sake kama, kamar yadda take yi kowane dogon hutu. Ciyawa ta cinye filin ƙwallo. An shafe allunan azuzuwa da baƙin fenti, ƙamshinsa yana fitowa ta tagogi yana gauraya da na sababbin littattafan rubutu da iyaye suka naɗe wa bango da tsohuwar jarida. Kowane yaro da tsintsiya a hammata. 'Yan aji ɗaya kuwa sun ƙanƙame ƙafafun iyayensu mata suna kuka kamar za a sayar da su, jakunkunansu sun fi su girma. Har yau, duk inda Kunkuru ta shaƙi ɗanyen fenti, sai ta ji kamar ana shirin kaɗa ƙararrawa.

Malamar aji ɗaya ce ta raɗa musu sunayen, suka bi su har aka kusa manta na gaskiya. Ɗaya da an kira ta sai ta shigar da wuya cikin kafaɗu, ta ƙura wa ƙasa ido, shi ne ta zama Kunkuru. Ɗayar kuwa bakinta ba ya hutawa, kuma duk wanda ya taɓa ta sai ya yi hawaye. Kunkuru tana magana a gida, tana magana da Barkono, shi ke nan. In malami ya yi mata tambaya, sai ta rubuta amsar a gefen littafi, Barkono ta miƙe ta faɗa da ƙarfi. In yaro ya ƙwace mata fensir, Barkono ce za ta karɓo shi har da ɗan kari. Ita kuma tana raɗa wa Barkono amsar lissafi, tana ba ta labarin duk littafin da ta karanta a hanyarsu ta komawa gida, har da sauya murya. Shekara biyar, benci ɗaya.

Ba sa'a ce ta haɗa su ba, dabara ce. A makarantar nan, ranar farko ta kowace shekara ake sake raba kowane aji gida biyu. Ana jera 'yan mata layi ɗaya, maza layi ɗaya, daga gajere zuwa dogo. Sai Malamin Wasanni ya ɗauko doguwar rularsa ta katako ya bi layin yana taɓa kawuna ɗaya bayan ɗaya: A, B, A, B. Wanda rula ta taɓa ya tafi inda aka ce masa, ba ɗaukaka ƙara. Saboda haka ƙawaye biyu masu tsawo ɗaya, in suka tsaya kusa da juna, lallai sai an raba su. Kunkuru ce ta gano haka tun suna aji biyu. Sai suka riƙa sanya 'yar tela a tsakaninsu, wata yarinya mai sanyin hali da tsawonsu yake ɗaya. Kowace shekara su biyu su tafi aji guda, 'yar tela ta tafi ɗayan.

Bana kuwa aji shida ne. Kuma an riga an mayar da baban Barkono aiki wani gari mai nisa, iyalinsa suna jiran ta gama firamare ne kawai su bi shi. Wannan shekarar kaɗai ta rage musu, su duka sun sani, ko da yake ba wadda ta taɓa furtawa.

An ba su sharar bayan ofis. Barkono tana kaɗa ƙura sama-sama, bakinta yana aiki fiye da tsintsiyar.

"To yanzu ya za mu yi? In ɗan ranƙwafa?"

"Malam zai gani."

"Ke ki cusa takarda a takalmi."

"Sai dai in cusa littafi guda." Kunkuru ta tsuguna, ta zaro tsinke ɗaya daga tsintsiyarta, ta fara zana ɗigo-ɗigo a ƙasa. "Duba nan. Ba dole sai mutum ɗaya ba. In ɗaya ce a tsakaninmu, muna tare. In uku ne, muna tare. Biyar, bakwai, duk lafiya lau. Amma in biyu ne, ko huɗu, ko shida, ko takwas, an raba mu."

Barkono ta leƙa zanen, ta yamutsa fuska kamar an ba ta magani. "Kai, tun ba a shiga aji ba kin sa kaina ciwo. Ke dai ki ƙirga. Ni inda kika ce in tsaya, nan zan tsaya kamar turke."

Kunkuru ta goge zanen da tafin ƙafa. Ba ta yi mamaki ba. Barkono ce fa, wadda sau-bakwai ya gagare ta tun aji uku.

Baba maigadi ya buga tsohon ƙarfen tayar motar da ke rataye a jikin bishiyar mangwaro, ƙararsa ta ratsa har cikin haƙora. Aka watsar da tsintsiyoyi, aka ruga fili. Malamin Wasanni ya zo da rularsa a kafaɗa, usur a wuya, ya fara jera su. In ya yi shakkar wadda ta fi tsawo tsakanin yara biyu, sai ya ɗora rular a kan kawunansu ya ja da baya ya kanne ido ɗaya, ya ga inda ta karkata. Ya tura Barkono can baya, wajen manyan 'yan mata masu maimaita aji. Kunkuru ta tsaya inda ta saba, 'yar tela a bayanta.

Kafin ya hura usur ta waiga da sauri, ta ƙirga kawunan da ke tsakaninsu. Ta sake ƙirgawa. Bakwai. Ta ɗaga wa Barkono babban yatsa, Barkono ta yi mata gwalo.

"Ido gaba!" in ji Malam. "Duk wadda ta waiga ko ta yi magana, ni da ita ne."

Hedimasta ya hau baranda ya fara jawabinsa. Jawabin nan kowa ya haddace shi: yanke farce, zuwa da wuri, da labarin yadda shi ya riƙa tafiyar mil huɗu a ƙasa ba takalmi don neman ilimi. Wasu mazan suna motsa baki tare da shi. Kunkuru tana jin rana a ƙeyarta, zuciyarta a kwance, har ta fara tunanin wane benci za su kama, na kusa da taga ko na tsakiya.

Sai ga wani mutum ya shigo da sauri riƙe da hannun wata yarinya. Rigar yarinyar koriya ce, ta wata makarantar daban, ba shuɗiya irin tasu ba. Ya yi magana da Malamin Wasanni a kunne, ya nuna masa wata takarda. Malam ya dubi yarinyar daga sama har ƙasa, ya kamo kafaɗarta, ya biyo layin da ita. Suka wuce Kunkuru. Suka wuce 'yar tela, suka wuce ta bayanta. Ta wutsiyar ido Kunkuru ta ga koren rigar ya tsaya.

"Shiga nan," in ji Malam.

Takwas.

Ta sake lissafawa a zuci ko za ta samu wata amsar, ba ta samu ba. Abin da ake buƙata kaɗan ne: ɗayarsu ta matsa wuri ɗaya tak. Amma Barkono ba za ta san an yi ɓarna ba, ko ta ga baƙuwar ba za ta ƙirga ba, ita da ta ce za ta tsaya kamar turke. Ba damar waigawa, ba damar yi mata alama. Saura hanya ɗaya, ita Kunkuru ta canza wuri da 'yar tela. Kuma wannan sai da magana.

Ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Hedimasta ya kai wajen da ƙaya ta soke shi a hanyar makaranta, wato jawabi ya kusa ƙarewa. Ta karkatar da baki gefe ba tare da ta juya kai ba.

"'Yar tela."

Muryar Hedimasta ta danne tata.

"'Yar tela, don Allah mu canza wuri."

"Wa ya yi magana?" aka raɗa daga bayanta.

"Ni ce."

"Ikon Allah! Ashe akwai murya a ciki." 'Yar tela ta matso da baki kusa da kunnenta. "Shekara huɗu kuna dasa ni a tsakaninku kamar sanda, ko sannu ba ki taɓa ce mini ba."

Maganar ta shige ta har ƙashi, don gaskiya ce. Kunnuwanta suka yi zafi. "Ki yi haƙuri."

"Sake cewa don Allah, in ƙara ji. Ba wanda zai yarda in na faɗa."

"Don Allah. Don girman Allah."

Hedimasta ya ce a tafa wa sababbin malamai. Filin ya ɗauki tafi da ihu, Malamin Wasanni ma ya saƙale rula a hammata yana tafawa. A cikin hayaniyar 'yar tela ta zamo gaba, Kunkuru ta sulale baya. Kafin tafin ya mutu kowacce ta ƙame a sabon wurinta. Bakwai, in ji Kunkuru a zuci. Wani irin daɗi ya cika mata ƙirji wanda ba ta taɓa jin irinsa ba. Ta ƙosa a tashi ta ba Barkono labari.

Rula ta taso daga gaba. A, B, A, B. Wadda aka taɓa sai ta fice, 'yan A su nufi gindin mangwaro, 'yan B su nufi wajen famfo. Ta sauka a kan 'yar tela: "B." Ta sauka a kan Kunkuru, ƙwas, mai ɗan zafi: "A."

Ta isa gindin bishiya ta juyo, sai a lokacin ta samu ganin layin. Barkono tana washe mata baki daga nesa, har da ɗaga gira irin na wadda ta yi abin kirki. Kunkuru ta bi rular da ido tana ƙirgawa. Ɗaya, B. Biyu, A, baƙuwar ke nan. Uku, huɗu, biyar, shida. Ta nemi ta bakwai. Babu ta bakwai. Barkono ce tsaye a wurin.

"B."

"A'a, Malam!" Muryar Barkono ta cika filin. "Sake ƙirgawa, wallahi akwai kuskure!"

"Ni zan yi kuskure a A da B? Wuce wajen famfo kafin in ƙara miki ta biyu."

Har aka tashi tara, Kunkuru ba ta fahimci ko kalma ɗaya daga abin da sabuwar malamarsu ta faɗa ba. Tana ta zana ɗigo-ɗigo a bangon littafi. Takwas a cire ɗaya, bakwai. Ta ina shida ta fito? Ana buga ƙarfe sai ga Barkono a bakin ƙofa, idanu jajur. Ta damƙi hannunta ta ja ta har ofishin Hedimasta.

Suka same shi a tsakiyar tarin sababbin littattafai ɗaure da igiya, yana ware na kowane aji. Ya dube su ta saman tabarau.

"A'a, Barkono da Kunkuru. Tun ranar farko?"

"Malam, an zalunce mu," in ji Barkono. "Rular nan ta yi tsalle."

"Rula ba ta tsalle, 'yata. Yara ne suke tsalle." Ya ture littattafan gefe, ya jawo kwalin alli, ya jera guda goma a kan tebur. "Ga ki nan, ga Kunkuru nan, ga waɗanda ke tsakaninku. Ba ni labari."

Barkono ta ja hanci. "Bakwai ne, ita ta ƙirga. Sai aka sako wata baƙuwa. Ni kuma na tuna ta ce in takwas ne an raba mu. Na sunkuya na ƙirga da yatsu, Malam, har sau uku, takwas ne cif. Na san wannan ko za a yanka ta ba za ta buɗe baki ta roƙi kowa ba. Shi ne lokacin tafi na ce wa ta gabana ta koma baya, in ba haka ba mu haɗu a hanyar gida."

Kunkuru ta ɗago kai. "Kin ƙirga?"

"Ba ga shi ina faɗa ba?"

"Ni ma na matsa."

"Kin me?"

"Na roƙi 'yar tela. Muka canza."

Barkono ta saki baki. "Ke? Da bakinki? Kika yi wa mutum magana?"

Hedimasta ya sa yatsa ya matso da allin farko wuri ɗaya ciki, ya matso da na ƙarshe wuri ɗaya ciki, kowanne ya nufi ɗan'uwansa. Sannan ya dubi Barkono. "Takwas a cire biyu?"

"Shida," ta ce.

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Kafaɗunsa suna ɗan motsi, Kunkuru ba ta tabbatar ko dariya yake yi ba.

"Ku saurara," ya ce da ya mayar da tabarau. "Shekara nawa ina tsaye a barandar can ina kallonku kuna dasa 'yar tela a tsakiya. Ban taɓa cewa komai ba. Amma kafin a kawo rular nan, ranar farko ofishin nan ba ya ɗaukar iyaye. Wannan yana son Malama wance, wancan ba ya son ɗansa ya zauna da ɗan wane. Har kujera aka taɓa karya mini. In na canza muku yau, gobe layi sai ya kai bakin titi."

"Ba za mu gaya wa kowa ba," in ji Barkono.

"Ke?" Ya dube ta, ita ma sai da ta sunkuyar da kai.

Kunkuru ta ji wuyanta yana neman shigewa kafaɗu. Ta riƙe gefen tebur da hannu biyu. "Malam," ta ce, "shekarar nan kaɗai ta rage mana."

Ya tsaya da tattara allin. Ya kalle ta kamar yau ya fara ganinta, ya daɗe bai ƙifta ba, har ta fara sa rai.

"Na sani, 'yata. Babanta ya nuna mini takardar canjin aikinsa." Ya zuba allin a kwali ɗaya bayan ɗaya, ya rufe. "Amma rula ta riga ta taɓa kai. Ku je, an kusa komawa."

Suka fito baranda. 'Yan aji ɗaya sun daina kuka, suna ta guje-guje a cikin ciyawa kamar nan aka haife su. Ƙofar A da ƙofar B suna jere, taku goma ne a tsakani. Suka tsaya a tsakiya.

"Da kin tsaya inda kike," in ji Barkono.

"Ke kika ce za ki tsaya kamar turke."

"To ina na san kunkuru yana magana?"

"Ni ma ina na san..." Ba ta ƙarasa ba. Wani abu ya taso mata wanda ba ta san ko kuka ne ko dariya ba, ta toshe baki da hannu. Barkono ta goge ido da ɗan guntun hannun rigarta.

"Yanzu wa zai riƙa raɗa mini amsa?"

"Ai kin iya. Kin ƙirga daidai."

"Sau ɗaya a rayuwata na yi lissafi, kin ga abin da ya jawo mana. Na tuba."

Baba maigadi ya buga ƙarfe. Yara suka kwararo ta ko'ina, suka ratsa tsakaninsu. Barkono ta ce a jira ta a bakin ƙofa in an tashi, kada a kuskura a tafi ba ita, sannan ta shige B tana ture wani yaro da ya tare hanya.

Kunkuru ta zauna a bencinta. Malama ta juya tana rubuta kwanan wata a kan sabon allo, alli yana ƙara a jikin fentin da bai gama bushewa ba. Ajin ya yi tsit. A cikin shirun ne ta lura bangon da ya raba su da B bai kai rufi ba, akwai tazarar kamu biyu a ƙarƙashin kwano, inda tattabaru suka yi sheƙa. Ta nan muryar malamin B ta tsallako.

"Ke doguwar can ta baya! Tun ba a fara ba?"

"Malam, wallahi ba ni ba ce!"

"To muryar wa nake ji tun ɗazu?"

"Tambaya kawai na yi, Malam."

Kunkuru ta sunkuya a kan littafinta. Ta buɗe shafin farko, ta rubuta kwanan wata a hankali, ta ja layi a ƙasa. Haka ta yi shekarar nan duka, kunne ɗaya a A, ɗaya a B.